Saratu Mai Kwanuka da Ranar Ƙara

A Agege ta Ikko aka haifi Saratu, a bayan titin jirgi, kuma a nan ta manyanta. Mahaifinta bafataken goro ne daga wajen Bichi, ya zo sari ya ga wurin zama ya zauna. Mahaifiyarta ita ma haifaffiyar unguwar ce. Sau biyu Saratu ta taɓa zuwa Arewa, ɗaya biki, ɗaya gaisuwar mutuwa, kuma duka biyun ta dawo tana mita wai mutanen can dariya suke mata in ta buɗe baki. Hausarta gauraye take da Yarbanci, in ciniki ya yi zafi kuma har da Turancin buroka.

Ta auri Gambo tela, mai shago kusa da tasha. Ta haifi 'ya'ya biyar, biyu suka rayu: namiji da ya tafi Kwatano neman abinci ya zauna can, sai auta, Fadima. Fadima tana firamare Gambo ya rasu. Bayan Saratu ta fita takaba, sai ta kama aikin raino a gidan wata likita Bayarabiya a Ikeja, ta yi 'yan shekaru tana tafiya da safe tana dawowa da yamma.

A gidan likitar nan ta fara ganin wani abu da a lokacin ta ɗauka rashin aikin yi ne na masu hali. Wata Asabar ɗin sai a gayyato 'ya'yan ƙawayen uwargidan, ƙanana waɗanda ba su ma iya magana sosai ba, a ce yau ranar kifi ce. Biskit mai siffar kifi, waƙar kifi, kifin takarda a rataye a bango. Wata Asabar ɗin kuma a ce kowa ya zo da jan kaya. Saratu ce mai share gidan in an watse, saboda haka ba ta taɓa ganin kyan abin ba.

Da ta bar aikin, sai ta kafa teburin kwanuka a bakin kasuwa: samira, langa, tasa, farantai, tukwanen dalma, daga baya robobi suka shigo. Tun daga nan ake ce mata Saratu Mai Kwanuka. Ba mace ce mai yawan fara'a ba. In mai saye ya ce tukunya ta yi tsada, sai ta ƙwanƙwasa gindinta da ɗan yatsa ya ji ƙarar, ta mayar ta ajiye, ba ta ƙara cewa komai. Yara ma ba ta faye wasa da su ba. In suka matso kusa da kayanta, kallo ɗaya take musu su ja da baya.

Tana haya a gidan Alhaji Uwaisu, dattijo mai shagon hatsi a gaban gidan. Irin gidajen nan ne masu dogon lungu, ƙofa na kallon ƙofa, sai tsakar gida a can baya mai rijiya da igiyoyin shanya. Da Fadima ta auri Shafi'i, wani mutumin Ƙanƙara mai kula da sauke tumatir a kasuwar Mile 12, sai suka kama ɗaki a gidan, ƙofa biyu tsakaninsu da na Saratu. A shekarar da soja suka miƙa mulki Fadima ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Ridwanu. Saratu tana ce masa maigidana. Shi kaɗai ne yaron da aka taɓa gani yana taɓa mata kayan sayarwa ba ta yi magana ba. Ya yi saurin baki, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Duk ɗakin da aka buɗe a lungun sai ya leƙa.

Ranar wata Lahadi a ƙarshen Janairun 2002, bayan la'asar, Ridwanu yana wasa da gwangwani kusa da rijiya, sai aka ji wata ƙara da ta girgiza ƙasa. Mutane suka ce taransifoma ce ta fashe. Kafin su rufe baki aka ji ta biyu, ta uku, sai abin ya ƙi tsayawa. Gilasan taga suka zubo. Wasu suka ce juyin mulki ne, wasu suka ce yaƙi. Fadima ta suri Ridwanu ta goya shi ta bi ayarin masu gudu, ba ta ma san inda aka nufa ba. Saratu gwiwa ta hana ta nisa, ta zauna a dakalin masallaci tana salati har abin ya lafa. Washegari aka tabbatar cewa ma'ajiyar makamai ce ta kama wuta a barikin Ikeja, kuma mutane da yawa sun mutu, akasarinsu a wajen gudu. A layin su Saratu ba a rasa kowa ba. Amma ba a gama jajen wannan ba sai faɗa ya ɓarke a Idi-Araba ta Mushin tsakanin Hausawa da Yarbawa. Bai iso Agege ba, sai dai kowa ya kasance a ɗarare. Maƙwabtan da suka shekara suna aron gishiri a tsakaninsu suka koma gaisuwa daga nesa.

Ridwanu kuwa ya canza. In ƙofa ta bugu, sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado. In aka fara daka a tsakar gida, ko salansar babur ɗin ɗan okada ta yi tari a kan layi, ko murfin tukunya ya suɓuce wa wata, haka. Wani lokacin sai an jawo shi an tarar ya jiƙa wando. Ya daina leƙa ɗakuna, maganarsa ta ragu ta koma nuni da hannu. An karɓo masa rubutu, an yi masa tofi. Fadima ta kai shi asibitin unguwa, nas ta duba kunnuwan ta ce lafiyarsu lau, tsoro ne, a ba shi lokaci.

Bayan Babbar Sallah Shafi'i ya zo ɗakin Saratu ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce yana da magana.

"Inna, na yanke shawara in kai Fadima da yaron nan gida su ɗan zauna. Can babu hayaniya. Garin nan ba ya barin mutum ya huta."

"Har yaushe?"

"Sai yadda hali ya yi."

Saratu ta ce, "To, ɗanka ne. Amma can gidan naku ba a tsawa in damina ta faɗi? Ba a daka? Maharba ba sa harba bindiga?"

Shafi'i ya ce ai dai ba kamar nan ba. Suka rabu a kan zai jira ƙarshen kakar tumatir, in ya sami sarari ya kai su da kansa.

Saratu ba ta gaya wa kowa ba, amma maganar ta tsaya mata a rai. In Fadima ta tafi, ba ta da kowa a Ikko sai abokan kasuwa.

Ana nan wata safiya tana ware kaya a ɗakinta, tana fitar da waɗanda suka lotse ko fentinsu ya ɓare, Ridwanu yana zaune a bayanta. Sai ta ji ƙal. Ta waiga. Yaron ne ya ɗauki cokali ya bugi tasa. Shi kansa ya zabura, ya ƙura wa tasar ido. Saratu ta mayar da kanta kan aikinta kamar ba ta gani ba. Can sai ta sake jin ƙal, a hankali. Bai gudu ba.

Da Fadima ta shigo ɗaukarsa, Saratu ta ce, "Ƙarar da ya yi da hannunsa ba ta korarsa. Wadda ta zo masa ba shiri ita ce matsalar."

"To yaya za a yi, Inna? Duniya za ta riƙa yi masa sallama kafin ta yi ƙara?"

"A'a. Amma in ya ga sa'o'insa suna yi suna dariya, wataƙila ya saba."

A nan ta tuna Asabar ɗin gidan likita. Ta ce za ta tara yaran layin, ƙananan, waɗanda ba su shiga makaranta ba, a yi wuni guda ba abin da za a yi sai ƙara. Fadima ta dube ta ta ga ba wasa take ba.

Ta fara da Balkissa, wata 'yar Nijar daga Dogon Dutsi da ke ɗakin ƙarshe, matar Hamani maigadi. 'Yarta Umaima sa'ar Ridwanu ce, ita ma tun ranar Lahadin nan take firgita cikin barci. Balkissa ta ce in dai Inna ce ta ce, za ta kawo ta. Saratu ta gaya wa mata uku a maƙwabta. Daga nan ta tsallaka titi zuwa wurin Iya Risi mai ƙosai. Tare suka yi wasan ƙasa suna yara, amma tun faɗan Idi-Araba ba wadda ta taka ƙofar wata. Saratu ta zauna a bencin masu saye, suka gaisa da Yarbanci, ta ce tana son aron jikanta Sikiru ranar Asabar.

Iya Risi ta juya ƙosai a mai ta ce, "Shi kaɗai?"

"Ke ma ki zo, in kin tashi daga suya."

"Me za a yi?"

"Za su bubbuga kwanuka."

Iya Risi ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Ke Saratu? Ke da ba a taɓa miki murfi?"

"Lotsattsu ne," in ji Saratu.

Ta shirya abin tsaf, yadda take shirya teburinta. Ta wanke lotsattsun kwanukan ta jera su daga ƙarami zuwa babba. Ta tara gwangwanayen madara ta zuba wake a ciki, ta kai wa mai gyaran fitila ya liƙe bakinsu don kada wani yaro ya haɗiye. Ta aro muciyoyi da ludaya. Ta sayi masarar gugguru don a soya a gabansu su ji tana fashewa a tukunya. A ƙarshe ta sayi balan-balan, ta ce wannan sai an gama komai, a fasa ɗaya tak, a nesa, yara suna kallo. Tsarinta shi ne a fara da cokali da kofi, sai gwangwani, sai murafai, a riƙa hawa sannu a hankali. Abu ɗaya ne bai zo mata a rai ba: ta sanar da Alhaji Uwaisu da mutanen layi.

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka rufe rijiya aka ɗora dutse. Yara bakwai suka zo da iyayensu mata. Ridwanu ya ƙi fitowa. Ya tsaya a bayan labulen ɗakinsu, ido ɗaya a waje. Saratu ta ce a ƙyale shi.

Ta raba kofuna da cokula ta ce, "To, kowa ya buga sau ɗaya."

Ba wanda ya saurare ta. Sikiru, wani ɗan lukuti mai ƙarfin tsiya, ya wuce kofunan ya je ya ɗauko murafan tukunya biyu ya haɗa su gam. Umaima ta shiga babbar tasa ta zauna ta ƙi fita. Yara biyu suka kama kokawa a kan ludayi ɗaya, ga wasu ludayan a zube. Wani ya kifa langa a kansa yana yawo yana cin karo da mutane. Saratu ta yi ta cewa a tsaya, a bi da bi, har ta gaji ta koma kan kujerarta ta zauna.

Iyayen ne suka ƙara wa abin wuta. Balkissa ta kifa wata tasa ta fara kaɗa ta da tafin hannu don ta lallashi Umaima ta fito, wata ta karɓa da muciya, kafin a jima an koma kiɗa sosai. Matan nan sun yi makonni ba wadda ta ɗaga murya, sai ga su suna shewa. Iya Risi ta shigo da ragowar ƙosai a leda, ta ajiye ta shiga rawa. Aka ɗora gugguru, yara suka kewaye daga nesa suna tsalle duk lokacin da ta fashe. Fadima ta lura labulen ɗakinsu ya ɗan ƙara buɗewa, ta taɓa uwarta ta nuna mata da ido.

Balan-balan ɗin, wata yarinya ce ta hura su tun da safe ta ɗaure a igiyar shanya, kusa da katangar kwano. Rana ta yi zafi, iska ta kaɗa su suka riƙa gogar bakin kwanon. Ɗaya ta fashe, sai ta kusa da ita, sai uku a jere. Wata mata da ke ɗauke da babbar tukunya ta firgita ta sake ta a kan siminti. Yara suka ƙwala ihu gaba ɗaya, iyaye suka yi salati da ƙarfi.

A cikin gida abin bai wuce haka ba. A kan layi kuwa, wani ya ji fashe-fashe da ihun mata daga gidan Alhaji Uwaisu, ya ce an fara faɗa. Masu shaguna suka hau jan ƙofofi. 'Yan okada suka watse daga bakin mararraba. Mai shayi ya yi tuntuɓe da bencinsa. Wata mai tallan ƙwai ta zubar da tirenta ta ruga, mata suka fito ba mayafi suna neman 'ya'yansu. Wani tsoho ya gurɗe a ƙafa wajen tsallake kwata.

Saratu ba ta san ana yi ba sai da ta ga Alhaji Uwaisu ya faɗo tsakar gida yana haki, hularsa a hannu. Bayansa samari ne cike da lungu, wasu da sanduna, Hausawa daga wannan gefen, Yarbawa daga tsallake, kowa yana hararar kowa. Suka tsaya cirko-cirko. Ga yara a kan tabarma, ga kwanuka a warwatse, ga mai langa a ka yana kuka daga ciki.

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya ce, "Saratu, mene ne wannan?"

"Wasan yara ne, Alhaji."

"Wasan yara? A wannan lokacin? Kin san abin da ya rage kaɗan ya faru a ƙofar gidana?"

Saratu ta miƙe ta ce, "Ban yi tunani ba. A yi haƙuri."

Iya Risi ce ta ratsa ta je wurin samarin tsallake, Sikiru a kafaɗarta, ta balbale su da faɗa da Yarbanci, ta kira biyu da sunayen iyayensu ta ce su ajiye sandunan nan su ɓace mata da gani. Alhaji ya kori nasa ɓangaren. Ya juyo ya ce ba a ƙara yi masa wannan a gida.

Aka watse kowa da ɗansa a hannu. Fadima ta shiga ɗaki ta tarar da Ridwanu a can ƙuryar ƙarƙashin gado, wando jiƙe. Ta fito da shi tana hawaye ta ce, "Inna, kin gani ko? Mun ƙara masa."

Saratu ta tattara kwanukanta ita kaɗai. Da Shafi'i ya dawo ya ji labari, bai zo gaishe ta ba, abin da bai taɓa yi ba.

Washegari ba ta fita kasuwa ba. Ta bi layin shago-shago tana ba da haƙuri. Ta je ta duba tsohon da ya gurɗe. Ta nemo gidan mai ƙwai ta kai mata sabuwar langa da tire. Wasu suka karɓi haƙurin, wasu suka gaya mata magana son ransu, ta tsaya ta saurara har suka gama. Mai shayi, wani Ɗanliti, shi ne ya fara mayar da abin raha. Ya ce shekara da shekaru yana cika baki cewa shi ba ya gudu, ashe balan-balan ce ba ta fashe ba.

Ana tsakiyar mako Fadima ta shigo ɗakin uwarta ta ce ta zo ta ga wani abu. Suka leƙa ƙarƙashin gado. Ridwanu yana kwance rub da ciki, ga wani ƙaramin murfi da cokali, ba a san lokacin da ya ɗauko su ba. Yana bugawa a hankali, yana tsayawa ya saurara, ya sake bugawa. Da ya ga kakarsa sai ya ce, "Sikiyu?"

"Sikiru yana gidansu, maigidana. Kana son ya zo?"

Ya ɗaga kai.

Balkissa ma ta zo da tata maganar. Ta ce ita ba ta san ko magani ba ne, amma ranar Asabar ɗin Umaima ta yi barci kamar an jefar da ita, kuma tun daga ranar kullum sai ta nuna tsakar gida. Sauran matan suka ce su ma 'ya'yansu sun dame su. Su suka haɗu suka je wurin Alhaji Uwaisu, Saratu ba ta bi su ba. Alhaji ya ƙi, suka koma, ya sake ƙi. A karo na gaba Iya Risi ta raka su. Ya ce to, amma da sharaɗi: babu balan-balan, a gama kafin azahar, kuma a gaya wa duk layin tun ana gobe.

Ɗanliti mai shayi ya ɗauki aikin sanarwar. Ranar Juma'a duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ce masa, "Gobe da hantsi in ka ji ƙara, kada ka gudu, sojojin Inna Saratu ne."

A karo na biyu Saratu ba ta jera komai ba. Ta zube kwanukan a tsakiyar tabarma ta koma gefe. Ta hana iyaye kiɗa, ta ce na yara ne. Ridwanu ya fito har bakin ƙofa ya zauna a dokin ƙofar da murfinsa, Sikiru ya je ya ƙwace, shi kuma ya bi shi ya ƙwato abinsa, sai ga shi a kan tabarma bai sani ba. Da aka yi wata babbar ƙara ya ruga ɗaki, amma bai daɗe ba ya dawo. A karo na uku a cinyar Saratu ya zauna, ta riƙe masa tukunya yana dukanta da muciya da hannu biyu.

Ba a rana ɗaya ya warke ba. Ya ɗauki watanni yana zabura in ƙofa ta bugu. Ruwan farko da ya zo da tsawa, ya ƙanƙame uwarsa yana kuka, sai dai bai shiga ƙarƙashin gado ba, bai kuma jiƙa wando ba. Bakinsa ya dawo a hankali. Kakar tumatir ta wuce, Shafi'i bai ɗaga maganar tafiya ba, Saratu ma ba ta tambaye shi ba. Ya ci gaba da zuwa gaishe ta kamar da.

Iyayen ne suka fara gajiya da ƙarar. Balkissa ta ce kanta yana ciwo duk Asabar, ko za a canza wani abu? Saratu ta ce sai dai a zaɓi abu ɗaya, don ta lura in aka haɗa musu abubuwa da yawa faɗa suke yi. Aka yi ranar ruwa, da robobi da kofuna da mazurari, kowa ya koma gida a jiƙe, yara biyu suka kwana da mura. Aka yi ranar danfo, wato motar hayar Ikko: aka jera benci biyu, Ridwanu ya riƙe murfin tukunya a matsayin sitiyari, Sikiru ya maƙale a gefe kamar kwandasta yana ihun "Oshodi! Oshodi!" Wannan ita suka fi so, an maimaita ta ba adadi. Ranar 'yan tsaki ce ba a sake ba. Wata mata ta kawo su a kwali don yara su gani su ba su tsaki, wani yaro ya matse ɗaya don ƙauna har ya mutu, aka wuni ana rarrashi.

Ba kowace Asabar ake yi ba. In Saratu tana da sarin kaya a can cikin garin Ikko, ko gwiwar ta tashi, sai a ɗaga. Ba ta taɓa karɓar komai a hannun kowa ba, amma ta sa doka kowace uwa ta zo da abin da ɗanta zai ci, kuma ba mai tafiya sai an share tsakar gida. Halinta bai canza ba. A kasuwa har yanzu yaro bai isa ya taɓa mata kaya ba.

Wajen ƙarshen shekarar Shafi'i ya sami ɗaki a Ketu, kusa da wurin aikinsa, ya ce kuɗin mota da cunkoson hanya sun ishe shi. Wannan karon Saratu ba ta hana ba, ita ta taya Fadima ɗaure kaya. Takan je ta gan su ranar Lahadi in ta samu dama, ta dawo tana zagin cunkoson Ojota.

Mutane sun ɗauka tunda jikan nata ya tafi za ta daina tara yaran. Ta ɗan dakata na wasu makonni, sannan wata Juma'a aka ji Ɗanliti yana sanarwa. Umaima da Sikiru sun shiga makaranta a shekarar da ta biyo, wasu ƙananan suka maye gurbinsu. Yawancin aikin ya koma hannun Balkissa, Saratu tana zaune a kujera tana ba da umarni.

Wata amarya da ta tare a layin daga baya, mai ɗa ɗaya da ba ya yarda da kowa, ta same ta a teburin kwanuka ta gaishe ta, ta ce an ce mata tana tara yara.

"Ana yi," in ji Saratu.

"Inna, karatu ake koya musu?"

"A'a."

"To me ake yi?"

"Wannan makon ranar ƙasa ce. An kawo yashi daga wurin masu gini."

Amaryar ta ce, "Yana da wani amfani kuwa?"

Saratu tana goge wata samira da tsumma, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ban sani ba. Ki kawo shi Asabar da hantsi, ki haɗo da wandon canji."